Kafin Ka Aiki Na'ura, Duba Takardar Aiken: Yadda Ake Auna Bayanin Kayan Aikin AI

Yau za mu fara da wani abu da da wuya a ce bai taɓa faruwa da ɗayanmu ba. Ka dawo daga makaranta, ko jaka ba ka ajiye ba, sai Inna ta miƙo maka kuɗi ta ce, "Maza je ka sayo mini mai." Ka ruga shago ka dawo da man gyaɗa a kwalba, ashe manja take nufi. Ita ta ce ai ya kamata ka sani, tun da ka ga abin da ke kan wuta. Kai kuma ka ce ai ba ta faɗa ba. In aka duba da idon adalci, kalmar "mai" ce ta jawo rigimar. Man gyaɗa mai ne, manja mai ne, man shanu mai ne, har na shafawa da na babur duk sunansu mai.

Irin wannan ƙaramar rigima ta cikin gida ita ce a yau take cin lokaci da kuɗin manyan kamfanonin fasaha a Amurka da wasu ƙasashe. Sai dai ɗan aiken nasu manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kuma aiken da ake yi mata ya kai ga tura kuɗi, da goge fayil, da aika saƙo da sunan mutum. Mu da muke karatun kwamfuta a jami'a mun ci karo da wannan darasi a zangon da ya wuce, har ya ba mu kunya a wani aikin rukuni da muka yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku shi tun kuna sakandare, domin rabin ilimin da ake buƙata a nan kuna koyonsa yanzu haka a ajin insha'i.

Daga mai hira zuwa ɗan aike

A ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT. A lokacin aikinta hira ce kawai: ka rubuta tambaya, ta rubuto maka amsa daga abin da ta koya. Ba ta iya leƙa asusunka na banki, ba ta iya duba ko za a yi ruwa gobe. A watan Yunin 2023 kamfanin ya ƙaro wata hanya da masu haɗa manhaja za su gaya wa na'urar cewa ga wasu ayyuka nan da za ta iya kira idan ta buƙata. A watan Nuwamban 2024 kuma kamfanin Anthropic, mai manhajar Claude, ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP, wadda ta sa haɗa AI da kayan aiki ya zama kamar cajar waya mai baki iri ɗaya, kowa ya kawo tasa ta shiga. A cikin 2025 OpenAI da Google su ma suka karɓi wannan ƙa'ida.

Manhajar AI da aka ba irin waɗannan kayan aiki, aka bar ta ta zaɓi wanda za ta ɗauka da lokacin da za ta ɗauka har ta gama aikin da aka sa ta, ita muke kira ɗan aike a wannan rubutu. Kayan aikin kuwa ƙananan manhajoji ne, kowanne da abin da yake yi: wannan ya binciko labari a intanet, wancan ya yi lissafi, wani ya tura kuɗi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin. Abubuwa uku kawai ake nuna masa: sunan kayan aikin, da ɗan bayani da wani mutum ya rubuta a kansa, da guraben da za a cike kafin ya yi aiki. Ku kwatanta da wanda aka shigar ɗakin ajiya cike da akwatuna a kulle, kowanne da takarda manne a jikinsa, aka ce ya zaɓi wanda zai biya buƙata. Idan mai waya ya ce, "Tura wa ƙanwata kuɗin makaranta," ɗan aiken zai karanta takardun, ya zaɓi akwati ɗaya, ya cike guraben, sannan kwamfuta ta aiwatar ta dawo masa da sakamako. Yana iya tambayar mai wayar abin da bai gane ba, amma ba shi da hanyar komawa wurin wanda ya rubuta takardar ya ce, "Malam, me kake nufi a nan?" Abin da aka rubuta shi ne iyakar abin da ya sani.

Bayani biyu, kayan aiki ɗaya

Mu ɗauki misali da muka ƙirƙira domin wannan darasi. Ga bayani na farko. Suna: aika. Bayani: "Yana aika kuɗi." Gurabe: wa, nawa.

Ga na biyu. Suna: tura kuɗi zuwa asusun banki. Bayani: "Yana tura kuɗi daga asusun mai waya zuwa wani asusun banki a Najeriya. A yi amfani da shi ne bayan mai waya ya ga sunan mai karɓa da adadin kuɗin, ya kuma ce ya amince. Kada a yi amfani da shi wajen sayen katin waya ko biyan kuɗin wuta, waɗannan suna da nasu kayan aikin. Idan kuɗi ya fita ba a iya dawo da shi ta nan. Yana dawo da lambar shaidar biya, ko dalilin da ya hana kuɗin tafiya." Gurabe: lambar asusu mai lambobi goma, lambar banki, adadi a kobo, misali 500000 na nufin naira dubu biyar.

Ku lura da gurbin ƙarshe. Maganar kobo ba ƙagawa muka yi ba. Kamfanonin biyan kuɗi ta intanet da dama, ciki har da Paystack da ke aiki a Najeriya, suna karɓar adadi ne a ƙaramin ma'aunin kuɗi, wato kobo, domin a guje wa rikicin ɗigo a lissafi. To idan bayani ya ce "nawa" kawai, ɗan aiken zai iya rubuta 5000 yana nufin naira, abin da zai isa hannun ƙanwarka kuwa naira hamsin ne. Idan kuma akasin haka ne, kayan aikin naira yake karɓa amma ɗan aiken ya zaci kobo ne, sai ya rubuta 500000, naira dubu ɗari biyar ta fice maimakon dubu biyar. Kalma ɗaya da aka bari a baya ta ninka kuskure sau ɗari.

Tambayoyi bakwai na mai gyaran takarda

Kamar yadda malamin da ke gyara takardun WAEC ko NECO yake da mizanin da yake bi, haka mai auna bayanin kayan aiki yake buƙatar nasa. Ga tambayoyi bakwai da muke amfani da su a rukuninmu. A kowace tambaya muna ba da maki biyu idan bayani ya amsa ta sarai, maki ɗaya idan ya taɓo ta kawai, sifiri idan bai ce komai ba.

Ta farko: shin bayanin ya faɗi abin da kayan aikin yake yi, ko maimaita sunansa kawai ya yi? Idan suna ya ce "duba sakamako", bayani kuma ya ce "yana duba sakamako", ba a ƙaru da komai ba. Sakamakon me? Na jarrabawa, na asibiti, ko na ƙwallo?

Ta biyu: ya faɗi lokacin da za a ɗauke shi da lokacin da ba za a ɗauke shi ba? Wannan ya fi muhimmanci idan akwai kayan aiki biyu masu kama da juna, kamar mai binciken littafi da suna da mai binciken littafi da lambarsa.

Ta uku: kowane gurbi yana da suna maras harshen damo, da siga, da ma'auni, da misali? Gurbin da aka kira "ɗalibi" zai iya nufin suna, zai iya nufin lambar rajista. A kira shi "lambar rajistar ɗalibi" a huta. Nauyi a kilo ne ko a buhu? Lokaci na Najeriya ne ko na wata ƙasa? Wane gurbi ne dole, wanne ne ganin dama?

Ta huɗu: ya faɗi abin da zai dawo da shi, da abin da ba zai dawo da shi ba? Idan kayan aikin sakamako goma na farko kawai yake kawowa, dole a faɗa, in ba haka ba ɗan aiken zai zaci goman nan su ke nan a duniya, ya gaya wa mai tambaya haka.

Ta biyar: ya faɗi ko kayan aikin yana canza wani abu? Akwai bambanci babba tsakanin mai karantawa kawai da mai gogewa, ko mai turawa, ko mai cire kuɗi. Duk abin da ba a iya warwarewa bayan an yi shi, dole bayani ya yi gargaɗi a kai.

Ta shida: idan an yi kuskure, saƙon da ke dawowa yana koyar da gyara? Saƙon da ya ce "kuskure 14" bai taimaki kowa ba. Wanda ya ce "lambar asusu lambobi goma ce, ka rubuta tara" zai sa ɗan aiken ya gyara nan take.

Ta bakwai, wadda ta fi sauran nauyi: abin da bayanin ya faɗa gaskiya ne? Wato, shi ne ainihin abin da manhajar take yi? Bayani mai daɗin karatu da ya saɓa wa aikin ya fi rashin bayani haɗari, domin ɗan aiken zai yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Kumbon da ya ɓata a duniyar Mars

Wannan tambaya ta bakwai tana da tarihi tun kafin zuwan 'yan aiken AI. A watan Disambar 1998 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani kumbo domin nazarin yanayin duniyar Mars. Ya yi tafiyar sama da wata tara. A ranar 23 ga Satumba, 1999, lokacin da ya kamata ya shiga zagayen Mars, sai aka daina jin ɗuriyarsa, har yau.

Da aka yi bincike, sai aka gano cewa takardar da ta fayyace yadda manhajoji biyu za su yi musayar lambobi ta ce a yi amfani da ma'aunin mita, wato niyuton. Amma wata manhaja da ke ƙasa tana fitar da nata lambobin a ma'aunin fam na Turawan Ingila da Amurka. Fam ɗaya na ƙarfi kuwa ya kai niyuton 4.45. Manhaja ta biyu ta karɓi lambobin ta yarda da abin da takarda ta ce. Ƙaramin kuskure ya yi ta taruwa a hanya, har kumbon ya sauko kimanin kilomita 57 daga doron Mars, alhali an ƙiyasta ba zai tsira ba idan ya yi ƙasa da kilomita 80. Babu AI a wannan labari, amma darasin ɗaya ne: takarda ta ce wani abu, na'ura tana yin wani, kuma ba wanda ya gwada su tare yadda ya kamata kafin lokaci ya ƙure.

Yadda kwanan wata ya ba mu kunya

Mu ma mun ɗanɗana, ko da yake namu bai kai kumbo ba. A aikin rukuni, mun haɗa ɗan aiken da zai riƙa gaya wa 'yan ajinmu jadawalin jarrabawa. Kayan aikin yana da gurbi ɗaya, muka sa masa suna "kwanan wata", muka wuce. Wanda ya rubuta cikin manhajar a cikinmu ya kwaikwayi wani misali ne da aka rubuta a Amurka, inda ake fara rubuta wata kafin rana. Wanda ya rubuta bayanin kuma bai tambaye shi ba.

Muka gwada da ranar 25 ga Maris. Ɗan aiken ya rubuta 25/03, manhaja ta ce babu wata na 25, sai ya juya lambobin ya samu amsa daidai. Muka yi ta murna, muna cewa ai har gyara kansa yake yi. Ana gobe za mu nuna wa malami, wata 'yar rukuninmu ta tambaye shi jarrabawar ranar 4 ga Maris. Ya rubuta 04/03. Manhaja ta karanta shi a matsayin 3 ga Afrilu, ta ce babu jarrabawa. Shi kuma ya gaya mata cikin natsuwa cewa ba ta da komai ran nan. Babu saƙon kuskure, domin 3 ga Afrilu rana ce ta gaskiya a kalanda. Ashe matsalar tana ɓuya ne a ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata, mu kuma ba mu gwada da su ba.

Da mun saki wannan abu ga 'yan ajinmu, da wani ya yi barcinsa a hostel ana can ana rubuta jarrabawa. Gyaran bai ɗauke mu minti goma ba. Muka koma tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 8601, wanda ke fara da shekara, sai wata, sai rana, muka rubuta a bayanin: "Kwanan wata a sigar shekara-wata-rana, misali 2025-03-04 na nufin 4 ga Maris, 2025." Muka kuma sa manhajar ta ƙi karɓar duk wata siga daban. Da farko duk mun ɗora laifin a kan AI. Da muka natsu muka karanta abin da muka ba shi, muka ga ya yi daidai da takardar aiken da muka rubuta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Abin da ya faru da mu ya nuna cewa karanta bayani da ba shi maki rabin aiki ne. Wanda ya rubuta bayani kullum yana ganin ya fito sarai, domin abin da ya rage yana cikin kansa. Ainihin awo shi ne a ba ɗan aiken jarrabawa. Ga yadda ake yi.

Da farko a tara buƙatu irin waɗanda mutane za su zo da su da gaske, da irin yadda suke magana, a rubuta amsar da ta dace da kowacce tun kafin a fara. A sa masu sauƙi, a sa masu wuya da ke buƙatar kayan aiki biyu ko uku a jere, a sa masu tarko irin ranar 4 ga Maris. A kuma sa wasu da bai kamata a ɗauki kowane kayan aiki ba, domin sanin lokacin da za a kame hannu shi ma gwaninta ne. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suna da wani allon gasa da suka fara a 2024, inda suke auna manhajojin AI daban-daban kan kiran kayan aiki, kuma suna da sashe na musamman kan wannan: a ba na'ura kayan aikin da bai dace da tambaya ba, a ga ko za ta ƙi ɗauka.

Bayan nan sai a ƙirga. Sau nawa ɗan aiken ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Sau nawa ya cike gurabe daidai? Kira nawa ya yi kafin ya gama? Sau nawa ya ci karo da saƙon kuskure? Sannan a zauna a karanta duk matakan da ya bi, ɗaya bayan ɗaya, domin amsa tana iya fitowa daidai ta gurguwar hanya, kamar yadda ta faru da mu a ranar 25 ga Maris. A maimaita kowace tambaya fiye da sau ɗaya, saboda AI ba kullum yake ba da amsa iri ɗaya ba.

Idan za a gyara bayani, a canza abu ɗaya kawai a sake gwaji, kamar yadda ake yi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. In ka canza abu biyar lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi magani ba. Sannan a ɓoye wasu tambayoyin, kada a yi gyara da su, sai a ƙarshe a fito da su. Dalili shi ne wanda kuka sani: ɗalibin da ya haddace amsoshin tsofaffin tambayoyi zai ci su duka, amma sabuwar tambaya ce ke nuna ko ya gane darasin.

Manyan ma haka suke yi

Kamfanin Anthropic ya bayyana a wani rubutu da ya wallafa a Disambar 2024 cewa, lokacin da injiniyoyinsa ke gina ɗan aiken da zai gyara manhajoji, sun ɓata lokaci a kan gyara kayan aikin fiye da kan umarnin da suka ba na'urar gaba ɗaya. Sun lura tana yin kuskure idan aka bar ta ta rubuta gajeren adireshin fayil bayan ta matsa daga inda ta fara. Kamar ka ce wa baƙo "gida na uku a dama", alhali ba ka san ta wace kusurwa ya shigo layin ba. Sai suka sa kayan aikin ya riƙa neman cikakken adireshi kullum, matsalar ta kau.

A wani rubutun na 2025, kamfanin ya ce da ya fito da kayan binciken intanet na Claude, an lura na'urar tana liƙa "2025" a ƙarshen abin da take nema ba gaira ba dalili, abin da ke karkatar da sakamakon. Maganin da aka yi shi ne gyara bayanin kayan aikin. Shawarar da kamfanin yake ba masu haɗa manhaja ita ce kowane bayani ya kai aƙalla jimla uku ko huɗu, kuma a rubuta shi kamar ana yi wa sabon ma'aikaci bayani a ranarsa ta farko.

Amma kada wannan ya sa ku zaci tsawo shi ne kyau. Duk bayanan kayan aikin da aka ba ɗan aike yana karanta su ne a kowane aiki, kuma wurin da yake riƙe rubutu a lokaci guda yana da iyaka, ga shi ana biyan kuɗi gwargwadon yawan rubutun. Idan aka jibga masa kayan aiki masu yawa, kowanne da dogon surutu, zaɓi zai yi masa wuya kamar yaron da aka aika da saƙo ashirin a baki. Mizanin da muke bi mai sauƙi ne: a cire jimla a sake gwaji. Idan babu abin da ya lalace, dama ba ta da aiki.

Guba a cikin takarda

Akwai wani dalili kuma da ya sa dole a riƙa duba bayanan nan da idon basira. A watan Afrilun 2025 wani kamfanin tsaron kwamfuta da ke Suwizalan, Invariant Labs, ya nuna cewa mugu zai iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki. Misalin da suka nuna kayan aiki ne na tara lambobi biyu, abin da ba wanda zai yi zargi. Amma a cikin bayaninsa an rubuta cewa kafin a yi tarawar, sai ɗan aiken ya buɗe wasu fayilolin sirri na mai kwamfutar ya tura su ta wani gurbi, kuma kada ya gaya masa. Mai kwamfutar yana ganin gajeren suna ne kawai a allonsa, ɗan aiken kuwa yana karanta duka, yana kuma iya bi. Sun kuma yi gargaɗin cewa mai kayan aiki zai iya canza bayanin bayan mutum ya riga ya amince da shi.

Saboda haka mai awo yana da ƙarin aiki. Ya karanta cikakken bayanin da na'ura ke gani. Ya tambayi kansa ko bayanin yana neman abin da bai shafi aikin ba, ko yana cewa a ɓoye wa mai waya wani abu, ko yana ba da umarni a kan wasu kayan aikin da ba nasa ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a yi watsi da shi. Ku ma, duk ranar da wata manhaja ta ce ku haɗa ta da imel ɗinku ko asusunku, ku tsaya ku san wanda ya yi ta tukuna.

Jaka biyar nawa ce?

Akasarin bayanan kayan aiki da Turanci ake rubuta su, kuma masu rubutawa ba su san yadda muke magana ba. A nan ne ku masu jin Hausa kuke da abin da wasu ba su da shi. A ce wani dattijo ya gaya wa ɗan aike, "Tura masa jaka biyar." A tsohon lissafin Hausawan Najeriya, jaka ɗaya naira ɗari biyu ce, biyar ke nan naira dubu. A Nijar kuwa jika ɗaya sefa dubu ce, sannan "dala" a bakin mutumin Maraɗi ko Damagaram sefa biyar ce, ba kuɗin Amurka ba. Haka mudu da tiya suke bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Wanda ya san wannan shi zai tuna ya rubuta a bayani cewa gurbin adadi lamba kawai yake karɓa a kuɗi kaza, kuma idan mai magana ya ambaci jaka ko dala a tabbatar da nufinsa kafin a tura. Shi ne kuma zai tuna ya sa irin waɗannan tambayoyi a jarrabawar ɗan aiken.

Ku gwada a aji, ba sai da kwamfuta ba

Ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama marubuci: ya ƙirƙiri kayan aiki uku na ɗakin karatun makarantarku, misali mai duba ko littafi yana nan, mai ba da aro, da mai karɓar littafin da aka dawo da shi, ya rubuta suna da bayani da guraben kowanne a kati. Na biyu ya zama ɗan aike: ba ya magana da marubuci, ba ya amfani da abin da ya sani game da makarantar, abin da ke katin kawai zai bi. Na uku ya zama mai buƙata kuma mai awo: ya rubuta buƙatu goma, har da masu tarko, kamar littafi biyu masu suna ɗaya, ko ɗalibin da bai dawo da aron baya ba, ko tambayar da ba ta shafi ɗakin karatu ba sam.

Ku ƙirga sau nawa ɗan aiken ya ɗauki katin da ya dace ya cike shi daidai. Duk inda ya faɗi, marubuci ya gyara jimla ɗaya, a sake. Daga nan ku yi musayar katuna da wani rukuni, ku ba juna maki da tambayoyi bakwai ɗin nan, a kan maki goma sha huɗu. Za ku ga katin da marubucinsa ya rantse ya fito sarai yana samun shida ko bakwai a hannun wasu, kuma a nan koyon yake farawa.

Idan malamin insha'i ya ce ku rubuta yadda ake dafa wani abinci ko yadda za a je gidanku daga tasha, wannan aikin ne kuke yi: bayani ga wanda ba ya cikin kanku, ba zai kuma iya dawowa ya tambaye ku ba. Ku ba wani ɗan ajinku ya bi abin da kuka rubuta kalma da kalma, ku ga inda zai ɓulle. Waɗanda suka yi wasan katin, ku rubuto mana tarkon da ya fi kama ɗan aikenku, za mu zaɓi wasu mu tattauna su a nan. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.